Fatarin Ƴar Lakwal

An raina mini sana'a, kuma a gabana anka raina ta. Ranar da na leƙa gidan koyon ɗinkin da anka buɗe muku bayan kasuwa, ɗaya daga cikinku, mai jan kallabi, ta ce wa ƙawarta, "Ai tsohuwar nan fatari kaɗai take ɗinkawa a da. Ƙyalle ne fa, ki naɗe baki ki zura igiya, shi ke nan." Kunnena ƙalau yake. Ban tanka ba don malamarku na tsaye, amma ban yafe ba. Tunda Allah ya sa na yi karatun manya da furfura a kaina, ga amsa a rubuce. Sunana Tsahara, kuma babu unguwa a Dakoro da ba a ɗaura aikin hannuna ba.

Aikin farko da Inna Hassu, ƙanwar uwata, ta ba ni shi ne haɗa ƙwarya biyu. Ƙwarya ita ce tsirin saƙa yadda yake fitowa daga hannun masaƙi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sai an jera da yawa an ɗinke kafin su zama zane. Na zauna tun hantsi har azahar, na kawo mata ina taƙama. Ko dubawa ba ta yi ba. Ta ɗaura mini ɗinkin a cinya ƙarƙashin zanena, ta miƙo mini tulu, ta ce in je rijiya in dawo sau uku. Kafin in gama zuwa na biyu cinyata ta yi ja kamar an goga mata barkono.

"Kin ji?" in ji ta. "Abin da za ki sayar wa ɗiyar mutane ke nan. Baki da baki ake haɗawa, ba a ɗora wani kan wani. Ɗinkin da ya yi tudu naman mai shi yake ci. Warware."

Na warware. Damina guda cur ina haɗawa ina warwarewa kafin ta bar ni in taɓa kayan wata.

Kayan aikinmu duka sukan shiga ƙaramin lefe ɗaya. Allura biyu, babba da ƙarama, muna soke su cikin guntun kara don kada su ɓace a rairayi. Zaren kaɗi, da ɗan kakin zuma da ake murza shi a ciki don kada ya tsinke. Aska ta yanka, don almakashi sai daga baya na mallake shi. Gawayi na yin alama. Guntuwar fata da nake naɗewa a yatsa in tura allura cikin saƙi mai kauri. Ma'auni kuwa a jikinmu yake: kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, sai taƙi, sai yatsu. Amma babbar dokar Inna Hassu ba ta cikin lefe. Ita ce, ba a auna mace a tsaye. Mace ba a tsaye take wuni ba. In ta zo, sai ki tambaye ta aikinta, ki sa ta yi shi a gabanki, sa'an nan ki aza taƙi.

Wata mai dakau ta taɓa zuwa mini daga unguwar mahauta, tana kukan zane ya ƙi zama a ƙugunta. Na ba ta taɓarya na ce ta daka mini geron da ke turmi. Bugu goma bai cika ba ɗauri ya sassauta, ta saki taɓarya ta gyara. Atamfa ce sabuwa daga Maradi, mai santsi, sitaci bai fita ba. Zane kaɗai ya fi komai daɗi a jiki, iska na shiga, in kina zaune a tabarma ko kina tafiyar biki babu kamarsa. Amma suturarsa duk tana wuri ɗaya, inda baki ya hau baki, kuma ɗauri ne kaɗai ke riƙe da shi. Mai daka jikinta na hawa da sauka, ciki na shiga yana fita. Ita fatari mai mazagi ya kamace ta, wanda igiya ke riƙewa, ko zanen sama ya zame tana rufe. Shi na yi mata, na kuma sa ƙullin mazagin a gefe, don in yana tsakiya cibiya yake ci.

Mai jan ruwa kuma daban ce. Kun san zurfin rijiyoyin ƙasar nan. Mace za ta kafa ƙafa ɗaya a kan itacen bakin rijiya ta ja guga, ƙafar a ɗage, ruwa na zuba mata a gaba. Akoko mara kauri in ya jiƙe manne wa jiki yake, ya nuna duk abin da anka ce ya ɓoye. Ita saƙi nake ba ta, ko tana ƙorafin nauyi. Saƙi yana da zafi ran farko, amma ba ya mannewa, iska ba ta ɗaga shi, kuma kullum anka wanke shi ƙara laushi yake. Mai noman gamana, ƴar gonar kanta, wadda ke wuni a duƙe cikin gyaɗarta, baya nake ƙara wa yatsa uku, don in an duƙa baya ke hawa. Tsofaffi suna son mukuru, guntun zanen da ake ɗaurawa a ciki. Yana rufewa, ban ce ba ya yi ba, amma ɗauri biyu ne a kan ciki ɗaya, da bazara sai ƙuraje. Ɗan tofi, mai tattara a ƙugu, ya fi kowa ba ƙafa hanya, sai dai gajere ne, yana cin ƙyalle, kuma tattarar tana tara zufa. Kowanne da abin da yake ba ki da abin da yake karɓe miki. Sanin wanda ya dace da wa, shi ne sana'ar. Ɗinkin kansa ko makauniya ta yi.

Wata Bafillatana daga wajen Tagriss ta koya mini abin da Inna Hassu ba ta sani ba. Ta zo ranar kasuwa da baƙin ƙyalle, ba ta jin Hausa sosai, ni kuma ba na jin nata. Na ce ta tsuguna, ta tsuguna. Na ce ta duƙa, ta yi dariya ta ja hannuna zuwa waje, ta haye jakinta ta nuna mini cinyarta. Nan na gane. A kan jaki take wuni, daga rijiya zuwa rijiya. Nata faɗi yake so, kamu guda fiye da na ƴar gari, kuma bakin ya hau sosai har ya zaga zuwa baya. Da ta dawo wata kasuwar, mata biyar ta kawo mini, kowacce da jakinta. A ƙofar gida na auna su, maƙwabta na leƙe suna dariya. Su ci gaba da dariya. Har na ajiye allura matan arewa ba su san ƙofar wani maɗinki ba sai tawa.

Bayan an sauke tutar Nasara an ɗaga tamu, wani tela ya zo daga Maradi da keken ɗinki da igiyar awo mai lamba a wuya. Gari ya ruɗe. Anka ce Tsahara ta tashi aiki. Matan ma'aikata sunka koma wurinsa yana yi musu jip, wani matsattsen abu irin na matan Nasara wanda ba a ɗaurawa, sai dai a shiga cikinsa. Mutum ne mai kirki, riguna da wanduna kuwa ya iya su, ban hana masa ba. Amma namiji ne. Wace mace za ta tsuguna ta buɗe ƙafa a gabansa don ya auna? A tsaye yake auna su kamar turke. Ba a yi wata biyu ba sai ga matar wani ma'aikacin gidan kumandan, babban gwamnati na garin, ta shigo mini da lulluɓi, tana waige.

"Tsahara, ki rufa mini asiri. Abin nan ko bayan gida ba na iya tsugunawa da shi."

"To Madam, ai na ɗauka ku masu jip ba ku zuwa bayan gida."

Ta zage ni tana dariya, na auna ta. Ni ma daga baya na sayi keken hannu, ban ƙi keke ba. Sauri ya sani, bai san mace ba.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke, gero na tsaka da fidda kai. Ba zan ba ku labarin yunwa ba, ku tambayi iyayenku ɗanɗanon anza, ƴaƴan itacen dajin da munka ci. Na sana'ata zan faɗa. Masaƙa sunka bar gari, fataken da ke sauko da ƙyalle daga Najeriya sunka koma hatsi kaɗai. Mace za ta kawo mini tsofaffin zannuwa biyu da sunka mutu in fidda mata ɗaya mai rai. In yanke tsakiyar da ta siɗe, in juyo gefe ya koma tsakiya. Akwai wadda ta daina fita ɗiban ruwa sai in ƴar'uwarta ta dawo ta tuɓe mata. Da buhunan hatsin taimako sunka zo, su munka koma ɗinkawa. Na farko da na yi, rubutun buhun na sa shi waje, don a idona ado ne. Matar ta shiga kasuwa da shi, wani jandarma ya bi bayanta yana karantawa da ƙarfi, mutane na faɗuwa da dariya. Ta dawo ta jefa mini shi a fuska. Tana da gaskiya. Daga ranar rubutu ciki yake komawa, kuma sai na dafa buhun da toka ya yi laushi. Abin da ban taɓa bari ba ko a shekarar nan shi ne jiƙa akoko kafin yanka, don wankin farko yana janye shi. Ruwan da na tanada don wanka na sha zuba masa, ni in kwana da ƙura. Ba wadda za ta ce fatarin Tsahara ya taɓa tsere mata zuwa sama da gwiwa.

A shekarar da ta biyo baya ne na yi aikin da ya sa nake rubuta muku wannan. Ina da taubashi, Sanda, ɗan kawuna, manomi. Tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini kuyangarsa. Ɗiyarsa Rabi na cikin ƴan matan farko na unguwarmu da anka rubuta a lakwal, makarantar boko. Ba da son ransa ba ne, mai unguwa ne ya zo da takarda. Mutane da yawa a lokacin in an rubuta ɗiyarsu sai su aika ta ƙauye, in mushe, malamin lakwal, ya aiko tambaya a ce ba a san inda take ba. Sanda bai yi haka ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ya faɗe shi a gaban dangi: ranar da idon namiji ya ga abin da ke sama da gwiwar ɗiyarsa, ta gama lakwal.

Shekarar farko lafiya lau, don a rumfar zana suke karatu, a zaune a kan rairayi kamar kowa. Da za ta shiga aji na biyu ta yi tsawo, Sanda ya kawo mini guntun akoko, iyakar abin da ya iya samu bayan shekarar nan.

"Ga shi, kuyanga. Ki yi mata fatari da shi, kada ki sace rabi ki yi kallabi."

"Wanga ɗan abin? Ko akuyarka bai rufewa, bawa. Ajiye ka tafi."

Na jiƙa shi, na shanya. Na sa Rabi ta daka, ta duƙa, ta tsuguna, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta tanƙwashe. Har gudu na sa ta yi zuwa ƙofa ta dawo, don an ce suna guje-guje a lakwal. Ƙyallen bai isa a yi mai tattara ba, sai na yi na naɗewa, baki ya hau baki taƙi ɗaya. A duk zaman da na sani a duniya, taƙi ɗayan nan ya rufe ta. Na miƙa mata ina alfahari.

Kwana tara da buɗe lakwal, bayan la'asar, ina tsakar gida ina lafin bakin wani zane, na ji sallamarsa a ƙofa.

"Wa nake ji kamar bawana? Shigo, akwai sauran fura da ban ba kare ba."

"Yau ba wasa ta kawo ni ba, Tsahara."

Tunda anka haife mu bai taɓa kiran sunana ba. Na ajiye allura. Ya shigo riƙe da hannun Rabi, ita kanta a ƙasa.

"Na taso daga gona da jaki, na bi ta bayan ajinsu," in ji shi. "Taga a buɗe. Da idona na gani. Tana zaune, zane ya rabu, fatari ya rabu, har nan." Ya nuna tsakiyar cinyarsa. "Ga maza a gefenta, ga mushe a gabanta. Ke ce kika ce ba a taɓa jin kunya da aikinki ba."

"Ƙarya ne. Ni na auna ta."

"Ni ke ƙarya?"

"Rabi, zauna nan."

Ta zauna a tabarma. Rufe ruf, har ƙwauri. Na dube shi.

"Gwaggo," in ji Rabi, muryarta can ƙasa, "ba haka muke zama ba yanzu. An kai mu ajin gini. Tabulban ne."

"Mi ne ne shi kuma?"

Ta yi mini bayani da hannu. Kujerar katako ce mai tsawo, an kafe ta da tabur, ba ta matsawa. In za ka shiga sai ka ɗaga ƙafa ɗaya ka tsallaka, sa'an nan ɗayar. In ka zauna gwiwa na gaba, ƙafa na lilo, zane ya ja ta baya, bakin da ke gefe ya zagayo gaba ya buɗe. Kuma duk sa'ad da mushe ya kira ka allo, sai ka sake tsallakawa.

"Tun yaushe?"

"Tun ran farko. Da hannun hagu nake riƙewa. Sai allona ya yi ta zamewa, mushe ya ce rubutuna ya lalace. Yau ya ce in riƙe allo da hannu biyu in ɗaga."

"Don mi ba ki gaya mini ba?"

"Kin ce aikinki ba ya buɗewa."

Wannan ta shige ni fiye da duk maganar ubanta. Ni da na auna mace a kan jaki, ban taɓa tambayar yarinyar nan a kan me take zama ba. Ban tambaya ba don ni kaina tunda nake ban taɓa zama a kan abin da ya fi kujerar tsakar gida tsawo ba. Na ɗauka zama duk zama ne.

Sanda ya ce, "Ranar kasuwa masu raƙuman garin Ɗan Gulbi za su koma. Ta bi su wurin kakarta. Na faɗa a gaban mutane, ba ni tashi daga maganata."

"Laifin wa za ka hora? Nata ko nawa?"

"Ni dai na ga abin da na gani."

"Ka ga aikin Tsahara ya kasa, shi ka gani. Yarinya ba ta tuɓe ba. Kwana tara tana riƙe da mutuncin gidanka da hannu ɗaya tana karatu da ɗayan, kai ko igiyar jakinka sai da hannu biyu. Saura kwana uku kasuwa. Ka ba ni su. Ranar ka zo ka tsaya a tagar nan da kake leƙe. In ka ga gwiwarta, ni zan ɗora ta a raƙumi da hannuna."

"Ba ni da ko taƙi ɗaya na ƙyalle da zan ƙara miki."

"Na roƙe ka? Ina da zanen saƙi, ƙwarya biyu in an cire ba zan yi tsirara ba."

Ya ce, "Kwana uku. Amma kafin nan ba ta zuwa."

"Gobe tana zuwa, da ni. Bayanta zan tsaya."

"Ke? Lakwal? Da wannan kan naki da ko ƙirgen kaji bai iya ba?"

Da ya zage ni na san ya yarda.

Yadda zan yi ɗinkin na riga na gani tun yana tsaye: in rufe gaban gaba ɗaya, in saka ƙwaryar saƙi a tsakiya, in tattara ta yadda in ta tashi za ta kwanta, in ta zauna ko ta tsallaka ta buɗe ta bi ƙafa. Abin da ban sani ba shi ne nawa za a ƙara. Wannan kuwa ba a cinta daga tsakar gida.

Duk wadda ta yi lakwal a garin nan a cikinku ta san Madam Rabi, wasunku ma ta ja muku kunne, don haka kun san ba ta hau raƙumin ba. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda anka yi awon.

Da gari ya waye na ɗauki gawayi da allura, na sa Rabi a gaba. Munka iske yara sun shiga, mushe na rubutu a allo, saurayi ne ɗan wajen Kornaka. Na yi sallama na shiga, ban jira a ce in shigo ba.

"Iya, lafiya? Nan aji ne fa."

"Na sani, ɗana. Yi aikinka, ni ma nawa na zo yi. Ina mazaunin yarinyar nan?"

Ya nuna. Na ce wa waɗanda ke kai su matsa. Na ɗaga ƙafa na tsallaka katakon, na zauna. Zanena, saƙin da ya yi shekaru bai taɓa ba ni kunya ba, ya ja ta baya ya rabu a gaba har gwiwata ta fito. Mushe ya juya fuska ga allo. Ban rufe ba sai da na aza hannu na auna ratar tun daga baki zuwa baki: taƙi biyu da yatsa uku. Na ja layi da gawayi a kan zanen, na tsallako waje.

"Rabi, zo ki shiga. A hankali, ina son in ga inda yake fara buɗewa."